AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaro Ya Ci Jarrabawa, Me Ya Hana Shi Shiga Jami'a?

 Abin da za ku karanta yau amsa ce da muka bayar a rediyo, muka ƙara mata bayani kaɗan, domin mutane da yawa sun roƙi a buga ta a takarda, wanda bai ji ba ya karanta, wanda kuma bai yi boko ba ɗansa ya karanta masa.

Wasiƙu uku ne a gabanmu. Ta farko daga wani dattijo ce, manomin tumatir a karkarar Ɗanja ta Jihar Katsina. Ya ce ɗansa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya rubuta jarrabawar JAMB a 2024, ya sake rubutawa a 2025, kuma duk sau biyun likitanci ya nema a wata babbar jami'ar tarayya. A karo na biyu yaron ya ci maki 236, bayan uban ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya masa kuɗin darasi a birni. Ya ce da kunnensa ya ji a rediyo an ce maki 150 ake nema, amma har yau shiru, alhali ɗan maƙwabcinsa mai maki 190 tuni ya tafi makaranta. Yanzu kuma wani mutum ya same shi ya ce ya kawo Naira dubu 200 a sa sunan yaron. Tambayarsa ita ce, shin gaskiya ne ɗan talaka ba ya shiga jami'a sai da ƙafa? Kuma ya sayar da abin da ya rage masa ya biya, ko kuwa?

Ta biyu daga wata Hajiya ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wajen Gusau. Ta ce wasu mutane sun je makarantar su 'yarta da takardu masu hotuna, suna kiran yara su zo jami'arsu, har suna cewa ko makin yaro bai taka kara ya karya ba za a ɗauke shi. Ita abin da ya ɗaure mata kai, kullum ana kukan babu gurbi a jami'a, to yaya kuma jami'a take yawon roƙon ɗalibai?

Ta uku daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a Maigatari, wanda aka ba shi shawarar ya tura ɗansa ƙetare, wai a can ba a jarrabawa, kuma digiri ba ya daɗewa.

To Baba, da Hajiya, da Alhaji, mun gode da wasiƙunku. In an duba da kyau, tambayoyin nan uku tushensu ɗaya ne, saboda haka za mu amsa su tare.

MAFARIN AL'AMARIN

Kafin 1978 kowace jami'a a Nijeriya ita ke shirya tata jarrabawar ta ɗauki ɗalibanta. Sai ya zama yaro ɗaya mai ƙoƙari ya sami gurbi a wuri biyu ko uku, ya tafi ɗaya, sauran su tashi a banza, ga wasu kuma suna zaune a gida. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978, domin a riƙa bi ta ƙofa ɗaya. A lokacin jami'o'i 13 ne kacal a ƙasar nan, ciki har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya wadda aka buɗe a 1962, da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos da suka biyo baya a shekarun 1970. Daga baya, a 1989, aka ɗora wa hukumar ɗaukar ɗaliban kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha.

Zuwa 2025 jami'o'in ƙasar nan sun kai wajen 300, fiye da rabinsu masu zaman kansu ne. Amma masu nema su ma sun ninka sau ba adadi. A 2025 yara kusan miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar, alhali Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da kanta ta ce waɗanda ke samun shiga a shekara ba su wuce wajen dubu 700 ba. Wanda ya ji wannan lissafi zai ce ai shi ke nan, ɗaki ne ya yi kaɗan. To akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

A watan Agustan 2025, Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya bayyana cewa jami'o'i 199 kowacce ba ta sami masu nema 100 ba ta hanyar JAMB a shekarar da ta gabace ta, 34 daga cikinsu ma ko mutum ɗaya bai neme su ba. Ya ce kwalejojin ilimi 64 su ma babu wanda ya rubuta sunansu. Har ya ba da misalin wata jami'ar tarayya a Arewa mai ma'aikata 1,200 amma ɗalibanta ba su kai 800 ba. A kan haka ne majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har tsawon shekara 7.

Kun san tashar mota ranar kasuwa. Za ka ga mutum ɗari sun yi cincirindo a kan mota guda mai cin mutum goma sha takwas, ana ture-ture, ana ɗaga murya, alhali ga wasu motoci can gefe babu kowa a ciki, 'yan kamasho sai kiran fasinja suke har muryarsu ta dushe. To haka shiga jami'a take a yau. Ɗan Baba yana cikin masu turereniya a motar da kowa ke so. Mutanen da suka je makarantar su 'yar Hajiya kuwa 'yan kamashon motocin da ba su cika ba ne.

MAKI 150 BA SHI NE CIN GURBI BA

Baba, bari mu fara da makin nan da ka ji a rediyo. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sai uku da suka dace da abin da yaro yake son karantawa, kuma jimlar makin 400 ne. Kowace shekara hukumar kan zauna da shugabannin makarantu a yanke mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar yaro da shi. A 2024 an yanke 140 ga jami'o'i, a 2025 aka yanke 150, kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha kuma 100.

Amma ka san ciniki. In ka kai sa kasuwa ka ce wa dillali kada ya saurari tayin da bai kai kaza ba, ai ba ka ce duk wanda ya taya kaza ka sallama masa ba. Wanda ya fi tayi shi ke tafiya da sa. To 150 ɗin nan ƙasan tayi ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe a cikinta kuma yana da nasa. Bayan haka jami'o'i da yawa suna yin tasu tantancewar, wadda aka fara a 2005, aka soke a 2016, aka dawo da ita a 2017. Wasu kan yi jarrabawa, wasu kan haɗa makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO su fitar da lissafi guda.

Maki 236 ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a watan Mayun 2025, sama da yara miliyan 1 da dubu 500 ba su kai 200 ba. Watau ɗanka ya wuce mafi yawan sa'o'insa. Matsalar ita ce a layin likitanci ya tsaya, inda masu manyan maki na ƙasar nan suke taruwa.

Sa'an nan akwai yadda ake rabon guraben a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ko daga ina yaro ya fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar ne, yawanci waɗanda ke kewaye da ita. Kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko ne, irin su Katsina, Jigawa, Zamfara, Sakkwato, Kabi, Yobe da Bauci, har da wasu na Kudu kamar Bayelsa da Ebonyi. Alal misali, a ce sashen likitanci zai ɗauki mutum 100. Za a fara tsince 45 mafiya maki. Sai a raba 35 a tsakanin jihohin yankin, sai 20 a tsakanin jihohi fiye da 20. In ka yi lissafi za ka ga abin da zai faɗo wa jiha ɗaya bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, ga shi kuwa 'yan jihar masu nema ɗaruruwa ne. Wannan rabo an yi shi ne domin a taimaki irin 'ya'yanmu, kuma yana taimakawa, amma ba ya ƙara yawan kujeru.

Game da ɗan maƙwabcinka mai maki 190, Baba ka tambaya a hankali, me ya nema, kuma a ina? Zai yi wuya ka ji an ce likitanci ne. Mai yiwuwa aikin malanta ne, ko aikin gona, ko wani fannin kimiyya, inda layi ba shi da tsawo. Hukumar JAMB ta sha faɗa cewa guraben malanta da na noma kan rage ba a cike su ba, alhali na likitanci, lauya, aikin jinya da haɗa magunguna masu nemansu sun ninka kujerun sau da yawa.

ME YA SA BA ZA A ƘARA KUJERU BA?

Wani zai ce, to tun da ana so, me zai hana jami'a ta ɗebi kowa? Amsa ita ce ba ta da wannan iko. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, watau NUC, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta iya ɗauka, bisa yawan malamanta da azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje. A fannin likitanci kuma akwai majalisar likitoci ta ƙasa da ke yanke nata adadin bayan ta duba asibitin koyarwa da ƙwararrun da ke cikinsa. Lauyoyi ma suna da tasu majalisar. Jami'ar da ta zarce adadin tana iya fuskantar hukunci, ɗalibanta kuma su gama su rasa lasisin aiki. Kuma tsakani da Allah, wa zai so likitan da aka koyar a aji mai mutum dubu ya duba matarsa?

Ƙarin kujera ɗaya a likitanci na nufin ƙarin malami, da gado a asibiti, da kayan aiki, da ɗakin kwana, ga wuta ga ruwa. Malaman kuwa da dama suna barin ƙasar zuwa Ingila, Amurka da Saudiyya neman albashi mai tsoka. Daɗin daɗawa ga yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata 9 tana yaji a 2020, ta sake yin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In tsofaffin ɗalibai ba su fita ba, ina za a sa sababbi? Shi ya sa wasu jami'o'in suka haɗa ɗaukar shekara biyu wuri ɗaya, layi ya ƙara tsawo. Yara ma sun gane haka. Jami'ar Ilori ta yi shekaru a jere tana kan gaba wajen yawan masu nema, kuma babban dalilin da ake bayarwa shi ne a wancan lokaci ta daɗe ba ta shiga yajin aiki ba, yaro ya san ranar shigarsa ya san ranar fitarsa.

Ita kanta hukumar JAMB kayan sun yi mata nauyi. A 2025 ta amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi yara 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa.

INDA ƊAN ƘAUYE KE TUNTUƁE

Akwai kuma abin da ya fi shafarmu mu mutanen karkara. Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko ya san amsa, lokaci zai ci shi yana neman inda zai danna. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, kuma in sunan da ke katin ya saɓa da na takardar sakandare, ko ranar haihuwa ta bambanta, an shiga wahala. Shekarun shiga kuma 16 ne, kamar yadda aka tsayar a 2025.

Wani yaron kuma tun a zaɓen darussa yake faɗuwa. Mai neman likitanci dole ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman lauya ana bukatar ya ci Adabin Turanci. In ya saɓa, ko maki 300 ya ci ba za a dube shi ba. Haka nan ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci a ciki. Lissafi ma a da dole ne ga kowa, sai a watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da sassauci ga masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu. Duk da haka yaro ya duba abin da jami'ar da yake so ta rubuta kafin ya saki jiki.

Bari in ba ku labarin gidanmu. Ɗan wata ƙanwata ya je wani shagon intanet aka yi masa rajista, mai shagon ya sa lambar wayar da ba ta yaron ba, ya kuma riƙe lambar sirrin. Yaro ya ci jarrabawa, aka ba shi gurbi, saƙo ya tafi wayar wani. Shi yana gida yana jiran takarda ta zo kamar zamaninmu. Kafin mu farga lokaci ya wuce, shekara guda ta tafi a banza. Ba wanda ya zalunce shi a jami'a, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta cikin wani tsarin kwamfuta na JAMB ake yin ta, wanda ake kira CAPS. Jami'a ta tura sunayen da ta zaɓa, hukumar ta duba ta amince, sa'an nan yaro ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa. In bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin ba, ba za a ma yi la'akari da shi ba. In an ba shi bai karɓa ba, gurbin na iya kuɓuce masa.

MAI NEMAN DUBU 200

Wannan ya kawo mu kan mutumin da ya ce ka kawo kuɗi. Baba, ba zan yi maka rantsuwa cewa babu alfarma ko son kai a ƙasar nan ba, kai ma ka san da su. Amma ka riƙe wannan: duk takardar shiga makarantar da ba ta fito a shafin yaro na CAPS ba, hukumar JAMB ta ce ba ta san da ita ba. Yaro na iya shekara huɗu ko shida yana karatu, ya gama, a nemi sunansa a rajistar hukumar a rasa, ya kasa tafiya aikin yi wa ƙasa hidima. Sau da yawa ma masu irin wannan sana'a ba abin da suke yi. Su karɓi kuɗin mutum goma su zauna, wanda Allah Ya ba shi da makinsa su ce aikinsu ne, wanda bai samu ba su ce a ƙaro. Kada ka ba shi ko sisin kwabo. In kana ganin an tsallake ɗanka an ɗauki wanda bai kai shi maki ba a sashe ɗaya kuma a rabo ɗaya, hukumar tana da ofis a kowace jiha, tana kuma karɓar ƙorafi ta intanet, a je a kai.

AMSAR HAJIYA

Hajiya, mutanen da suka je makarantar su 'yarki ba lalle ne mayaudara ba. An fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, guda uku, duk a Kudu. A Arewa ma yanzu akwai su, irin su Al-Qalam ta Katsina da aka kafa a 2005. Su ba gwamnati ke biyan albashinsu ba, kuɗin makarantar ɗalibai shi ne jarinsu. Aji in babu kowa, malami ba zai ga albashi ba. Shi ya sa suke bin makarantu, suna talla a rediyo, suna rage maki, wasu har su yarda a biya kaɗan-kaɗan. Masu bukatar gurbi ba su da kuɗin, masu kuɗin kuma ba su da yawa, ga jami'o'in sun yi yawa suna rububin 'yan ƙalilan ɗin.

Kafin ki ce to, ki sa a bincika miki abu huɗu. Shin NUC ta ba jami'ar lasisi? Shin ta amince da shi wannan kwas ɗin da yarinyar za ta karanta, domin ana iya amincewa da jami'a ba a amince da wani sashe nata ba? Shin sunan yarinyar zai fito a CAPS? Sa'an nan nawa ne kuɗin duka, na shekara huɗu, da ɗakin kwana da abinci, ba na zangon farko kaɗai ba? Kada a fara a tsaya a tsakiya, ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Ki kuma sani akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya a ƙarƙashin asusun NELFUND, wanda aka fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma sai shekara biyu bayan gama yi wa ƙasa hidima ake fara biya, amma an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati. Kuma ga ki kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kwalejin ilimi ta tarayya ta mata zalla a nan cikin Gusau. In nisa ne ke sa iyaye fargabar tura 'ya mace, to wannan a ƙofar gida yake.

AMSAR ALHAJI NA MAIGATARI

Alhaji, karatu a ƙetare ba laifi ba ne, kuma akwai jami'o'i na ƙwarai a maƙwabta, kamar ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Amma duk inda aka ce maka babu jarrabawa kuma digiri na fitowa da wuri, ka yi hattara, araha ba ta ado. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Binin da Togo. Duk takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance ta kafin ta yi amfani a nan. Ka kuma tuna da yaranmu da ke karatu a Sudan, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su karatu bai ƙare ba. Kafin ka duba nesa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa, ga kwalejin ilimi ta Gumel kusa da kai.

ABIN YI

Ana fara sayar da fam ɗin JAMB yawanci a watan Janairu ko Fabrairu, kuma a 2025 kuɗin rajista Naira 7,200 ne ga wanda bai yi jarrabawar gwaji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yanzu a gyara katin ɗan ƙasa ya dace da takardun makaranta. Yaro ya mallaki layin waya nasa na kansa, ya adana shi kamar takardar gona. A yi rajista a cibiyar da hukumar ta amince da ita, yaro na zaune yana kallon abin da ake rubutawa. A nema masa inda zai koyi kwamfuta ko na mako biyu ne. Kuma kafin a zaɓi kwas, a sami wani malami a garin ya karanta littafin bayanin kwasa-kwasan hukumar tare da yaron, matambayi ba ya ɓata.

In sakamako ya fito aka ga makin bai kai na layin da aka tsaya ba, hukumar ta ba da damar canza kwas ko makaranta da kuɗi kaɗan. Akwai kuma wasu hanyoyin. Akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda in yaro ya ci da kyau zai iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, kuma makarantar share fage ta jami'ar tana nan Funtuwa, kusa da kai Baba. Mai takardar NCE ko difloma shi ma yana iya shiga ta wannan ƙofa. Akwai kwalejojin aikin jinya da na kiwon lafiya, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ƙasa ga wanda ke son karatu yana riƙe da sana'arsa.

Su ma hukumomi da jami'o'i akwai nasu. Jami'ar da ke kukan rashin ɗalibai a sashen noma da malanta, ta fito ta zo makarantun ƙauye ta yi bayani da Hausa, ba ta tsaya a birni ba. Gwamnatocin jihohi su kai cibiyoyin jarrabawa ƙananan hukumomi, su sa malami mai ba da shawara a kowace sakandare, su biya tallafin karatu a kan lokaci. Kuma muddin albashin malamin makaranta bai isa ya riƙe gida ba, yara za su ci gaba da gudun kwalejin ilimi, ko an yi shela da kalangu.

Daga ƙarshe Baba, ni mai wannan magana lauya na so in zama. Sau biyu na rubuta jarrabawar nan a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fensir ake yi, ban samu ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ce in tafi kwalejin ilimi, na tafi ina ɓacin rai. Da takardar NCE ɗin nan na koyar, da ita na sami aikin da kuke jin muryata yau. Ba na nadamar komai sai shekara biyun da na zauna a gida. Ka zauna da ɗanka ku yi magana ta fahimta, ba faɗa ba. In zuciyarsa na kan likitanci, ga hanyar Funtuwa, ga sababbin jami'o'i irin ta kimiyyar lafiya da ke Azare, ya duba inda layi ya fi sauƙi. In kuwa zai iya sassautawa, yaron da ya ci 236 da darussan kimiyya ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi, har da likitan dabbobi da ilimin aikin gona, waɗanda kai da kanka ka san ana nemansu a Ɗanja duk shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatir. Kuɗin da za ka ba wancan mutumin ka ajiye su, za ka bukace su ranar biyan kuɗin rajista.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko da wasiƙarsa kamar yadda aka saba, ya rubuta garinsu da kyau. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.